Zumuɗi Na So In Rubuta

Masu karatu, ku yi min afuwa, yau babu doguwar gaisuwa. Yau Juma'a, tun Talata ban san inda kaina yake ba, kuma in ban amayar muku da abin da ke cina ba, ban san wa zan faɗa wa ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mas'uda. A Fatakwal aka haife ni, a Diobu, a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya. Babana Malam Kallamu albasa yake sayarwa a kasuwar Mile One tun kafin ya auri Umma. Ita Umma a Anaca aka haife ta. Ni ɗinki nake yi a Borokiri, shago ɗaya da ƙawata Dina. Shekarata ashirin da shida, kuma ba sai na wahalar da kaina wajen tunawa ba, matan layinmu sun riƙe min lissafin.

Sau biyu ana zuwa neman aurena ana janyewa. Na farko uwarsa ce ta ce ba za ta iya da 'yar kudu ba. Na biyu shi da kansa ya mai da ni abin dariya a gaban abokansa, don na kira maburgi sandar miya. Hausa nake yi, da ita nake faɗa, da ita nake roƙon Allah, amma Hausa ce ta tsakar gida da ta kasuwa. In magana ta yi zurfi, sai Turancin Buroka ya riga ta fitowa daga bakina.

Sai Allah ya kawo Hafizu. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Kazaure. Da tura baro ya fara a Fatakwal, yau yana da rumfar wake da gero, layi uku daga rumfar Baba. Ba shi da yawan magana, in dariya ta kama shi sai ya rufe baki da hannu kamar ya yi laifi. Shekara ɗaya da rabi muna tare, bai taɓa gyara min Hausa ba. In na yi kuskure, sai ya maimaita maganar daidai a cikin amsarsa, ya wuce kamar bai lura ba. Wannan halin ne ya fara sa ni son shi.

An tsayar da gobe Asabar ƙanin mahaifinsa, Baffa Usaini, zai iso da mutum biyu su gaida Baba, a tsayar da magana. Ku zo ku ga Umma. Ta sa an yi wa falo fenti shuɗi. Ta sauke labulayen da baƙin hayaƙin garin nan ya cinye, ta rataya sababbi ruwan zuma. Ta fito da farantan tangaran da tun aurenta ba a taɓa zuba musu abinci ba, ta wanke, ta kife a kan tebur. Ni kuma na ɗinka wa kaina riga da zani na koriyar atamfa mai zanen ganye. Sau uku ina farke hannun rigar, Dina tana min tsiya wai ko Baffan ne zai aure ni.

Ranar Litinin Hafizu ya turo min lambar yayarsa, Yaya Sa'a, wadda ke aure a Kazaure.

"Ki gaishe ta," ya ce. "Ita ce kunnen Inna. Abin da ta ji, shi Inna ke ji."

Inna ita ce mahaifiyarsa. To a nan ne na ja wa kaina. Na ce yau sai na rubuta Hausar da babu wanda zai karanta ya ce 'yar kudu ce. Akwai wata kalma da nake jin matan layinmu suna faɗa in amarya ta kasa zaune ta kasa tsaye don murna. Na san da "zu" ta fara. Na lalubo a kaina, na kamo wata, na ji ta yi nauyi a baki irin na manyan kalmomi, na ce ai ita ce. Dina tana kusa da ni tana yankan yadi, ban tambaye ta ba. Ga abin da na rubuta:

"Assalamu alaikum Yaya Sa'a, ina wuni, ya yara? Mas'uda ce daga Fatakwal. Wallahi Yaya tun da aka sa ranar zuwan su Baffa nake cikin zullumi. Abinci ba na iya ci, barci ma sai a hankali. A gaishe min da Inna."

Har na saka hoton jar zuciya guda biyu a ƙarshe, sai na goge, kada a ce ba ni da kunya. Da na bar su, wataƙila da sun cece ni.

Bayan awa guda amsa ta shigo. "Wa alaikissalam. To." Shi ke nan. Na ce a raina mutanen Arewa ne, ba su da yawan rubutu.

Talata da safe saƙon Hafizu bai zo ba. Kullum kafin in idar da sharar ƙofa nake ganin "kin tashi lafiya", ranar nan shiru. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Na tura "lafiya dai?", na ga alamar ya karanta, babu amsa. Na sake kira da azahar, na sake da la'asar. Na ɗinka wa wata mata zif a karkace, sai da Dina ta karɓe rigar daga hannuna.

Laraba da la'asar ina gida, Umma tana suyar cincin a bakin ƙofa, sai ga Baba. Baba ba ya barin rumfa kafin magariba ko da zazzaɓi yake. Ya yi sallama, ya shiga falo, ya zauna a ƙarƙashin sabon labule, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Usaini ya kira ni," ya ce. "An ɗage tafiyar."

Umma ta shigo da matsamin suya a hannu, mai yana ɗiga a kan leda. "An ɗage zuwa yaushe, Malam?"

"Bai faɗa ba. Ya dai ce in tambayi 'yata ko akwai abin da ba ta gaya min ba."

Umma ta juyo ta dube ni, irin kallon da ba ta yi min ba tun ina ƙarama.

"Me kika yi?"

"Wallahi Umma ban yi komai ba."

"Akwai wani ne? Ki faɗa min tun muna mu uku a ɗakin nan."

"Babu kowa, Umma."

"Na uku ke nan, Mas'uda. Na uku. Layin nan babu wadda ban gaya wa ranar Asabar ba, har Maman Glory na roƙa kujerunta. Da wane ido zan fita famfo gobe?"

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni a hankali ya ce, "Uwata, ni ban taɓa matsa miki ba. In ba kya son yaron nan, ki faɗa, ni zan tare miki kowa."

Faɗan Umma na iya shanye shi. Wannan maganar ta Baba ce ta sa na fashe da kuka, don ina son Hafizu son da ban san yadda zan faɗe shi a gaban mahaifina ba. Cincin ɗin da ke kan wuta ya ƙone, ƙaurinsa ya cika gidan.

Jiya Alhamis na tafi shago ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dina 'yar Kafanchan ce, Kirista, a Zariya ta yi makaranta, Hausarta ta fi tawa nesa ba kusa ba. Tana ganin idona ta ajiye almakashi.

"Wetin happen? Waye ya mutu?"

Na gaya mata. Ta ce in ba ta wayata ta ga abin da na rubuta wa danginsa. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗago.

"Mas'uda, me kike nufi da zullumi?"

"Murna mana. Irin wadda mutum ke kasa zama."

"Wannan zumuɗi ne."

"To ba ɗaya ba ne?"

Ta jawo kujera ta zauna a gabana, gwiwa da gwiwa.

"Kin tuna ranar da mijina Jeremiah ya taso daga Inugu, aka ce an yi haɗari a hanya, wayarsa a kashe tun safe har yamma? Ranar da na ɗinka aljihu a bayan riga?"

"Na tuna."

"Wannan shi ne zullumi. Abin bai zo ba, ba ki ma san ko zai zo ba, amma kin riga kin fara shan wuyarsa. Tsoro daban ne, shi kina ganin abin a gabanki, kamar kare ya biyo ki. Faɗuwar gaba kuma ta buge ki ne ta wuce. Zullumi zama yake yi. Ya kwana da ke, ya tashi da ke, in kin zuba abinci ya riga ki sa hannu. Ana zullumin sakamakon asibiti, ana zullumin ranar shari'a. Ba a zullumin alheri."

"Zumuɗi fa?"

"Na yaron da aka ɗinka wa kayan salla, yana ta buɗe akwati yana leƙawa. Yanzu sake karanta saƙonki da kunnen tsohuwar da ke zaune a ƙauye, ba ta taɓa ganinki ba."

Na karanta. Yarinya ta ce tun da aka sa ranar zuwan dangin miji take cikin zullumi, ba ta ci, ba ta barci. Ko dai dole ake mata, ko kuma akwai abin da take ɓoyewa wanda take tsoron aure ya tona. Kuma 'yar Fatakwal ce, dama can ana mana kallon da ake mana. Garin neman gira na rasa ido.

"Abeg daina kuka a kan leshin mutane," in ji Dina, ta janye yadin. "Rubuta mata yanzu ki ce kuskure ne. Kalma ɗaya ce, ba kisan kai kika yi ba."

Na fara rubutawa. Na kai rabi, na tsaya.

Masu karatu, ga abin da ko Dina ban gaya wa ba. Lokacin da take kwatanta zullumi, ni take kwatantawa. Sati uku da suka wuce Hafizu ya gaya min cewa a gidansu amarya sai ta yi wata uku a wajen Inna kafin ta bi mijinta ko'ina. Na ce masa to, har da murmushi. Sau ɗaya na taɓa zuwa Arewa, ina shekara tara, yara suka yi ta bina a baya suna kwaikwayon maganata har na daina buɗe baki. Tun ranar da ya faɗa min nake ganin kaina a tsakar gidansu, an ce in miƙo wani abu ban san sunansa ba, matan gida suna haɗa ido. Abincin da ba na ci, ba murna ce ta hana ni ba. Kalmar da na kamo ba ita na nema ba, amma ba ta yi min ƙarya ba.

Na goge abin da na rubuta, na ja mayafi na tari keke zuwa Mile One. Kasuwar ta caɓe, na riƙe zanina da hannu ɗaya ina tsallake kwatami, silifas ɗina na ta watsa min laka a baya. Na bi ta bayan layin masu nama don kada Baba ya hango ni.

Hafizu yana auna wa wata mata wake. Ya gan ni, bai fasa ba, sai da ya ƙulle mata leda ya yi mata godiya da Buroka. Rigar da na ɗinka masa ce a jikinsa, ruwan toka, har ta yi masa yawa a wuya.

"Kin fito a ruwan nan?"

"Kwana uku ba ka ɗauki wayata ba."

"Ban san me zan ce miki ba."

"Kuskure na yi. Zumuɗi na so in rubuta."

"Na sani."

Na tsaya ina kallonsa.

"Tun da Yaya Sa'a ta turo min saƙon na san abin da kika so rubutawa," ya ce. "Na san Hausarki. Na gaya musu. Inna ta ce kare ki nake yi."

"To in ka sani, me ya sa ka bar ni ina ta kira kamar mahaukaciya?"

Ya sa hannu a cikin buhun wake yana juyawa, bai dube ni ba.

"Saboda na sake karantawa. Mas'uda, sati uku ke nan kina ramewa. Ranar nan na kawo miki gasasshiyar agada da kifi kika ce kin ƙoshi, ke da kike cinye naki ki cinye nawa. Mai zumuɗi ba ya ramewa haka. Na ji tsoron in tambaye ki, ki nuna min Inna da ba ta taɓa ganinki ba ta fi ni gane ki."

Ruwa yana ta dukan ledar rumfar.

Ya ciro waya daga aljihu. "Yaya Sa'a tana wajen Inna yanzu. Inna ta ce in har kuskure ne, ta ji daga bakinki. In kin faɗa mata, gobe Baffa zai hau mota."

Kun ga yadda abin yake da sauƙi. Kalma ɗaya zan faɗa, Umma ta fita famfo da kanta a sama, Baba ya mai da hularsa, in saka koriyar atamfata. Ya danna kira ya miƙo min. Da na ji sallamar tsohuwa, ban san lokacin da na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa tsakanin buhuna ba, alhali ba ganina take ba.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ya mutan gidan?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Madalla. Sa'a ta karanta min takardarki. An ce kuskure ne."

"Kuskure ne, Inna. Zumuɗi na so in rubuta. Ban san bambancinsu ba, yau aka koya min."

"To."

Na ga kafaɗun Hafizu sun sauka. Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Amma wata ukun suna nan suna jirana, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Amma Inna, da aka koya min, sai na ga shi ma zullumin ina da shi."

Hafizu ya ɗago kai.

"Ba na ɗanku ba ne. Babu wanda ya yi min dole, kuma babu abin da nake ɓoyewa, Allah ne shaidata. Zuwa gidanku nake zullumi. Ina gudun ku aike ni in kasa gane abin da kuka ce. Ina gudun a yi min dariya, ku ji kunya a ce matar ɗanku ce. Ni ce na taɓa kiran maburgi sandar miya, Inna. Ina son in zo, kuma gabana yana faɗuwa. Ban san sunan wannan da Hausa ba."

Ina jin sautin taɓarya can nesa a bayanta, da kukan ɗan akuya. Da ba don su ba, da na ɗauka layin ne ya yanke.

"Ba shi wayar," ta ce.

Na miƙa masa ina durƙushe. Ya kara a kunne. "To. To, Inna. Amma ƙafarki fa? To. In Allah ya yarda." Ya kashe, ya tsaya yana kallon wayar.

"Me ta ce?"

"Baffa ba zai zo ba."

Na dafa buhun gero na miƙe.

"Ita za ta zo. Gobe da asuba za su taso da Yaya Sa'a."

"Inna? Wadda ka ce ba ta taɓa wuce Kano ba?"

"Ita."

"Ta zo ta yi me?"

"Ba ta faɗa ba. Ta dai ce a gaya wa Ummanki kada ta wahalar da kanta, ba biki ne zai kawo ta ba. Kwana uku za ta yi, kuma inda kike kwana nan za ta kwana."

"Muryarta fa? Fushi take yi?"

"Shekara talatin ina jin muryar Inna," ya ce. "Yau ban gane ta ba."

Da na koma gida na faɗa musu komai, har da kalmar. Umma ta daɗe tana kallona, ta ce ita ma da aka tambaye ta da ba za ta rantse a kan bambancin ba. Sannan ta ce a ina aka taɓa yin haka, uwar miji ta riga goro zuwa gidan yarinya. Baba ya ce Allah ya sa alheri ne. Umma ta riga ta mayar da farantan tangaran cikin kwali tun Laraba. Na ga ta jawo kwalin, ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa.

Yanzu ina zaune a bakin katifata, na canza zanin gado sau biyu, koriyar atamfar tana rataye a ƙusa ban san ko in saka ta gobe ko in ɓoye ta ba. Ɗazu saƙon Yaya Sa'a ya shigo, kalma uku: "Mun wuce Zariya." Ban gama karantawa ba na Dina ya faɗo a kansa.

"To amarya, yanzu da kika san su duka biyun, wanne kike ciki?"

Na rubuta mata "zu". Tun ɗazu haruffan nan biyu suke kallona, yatsana a kansu, motar su Inna kuma tana ta matsowa.